Baƙin Inji Mai Kunne Huɗu

Injuna uku Shugaba ya aiko mata a cikin kwalin takalmi, kowanne bai fi ƙaramin gwangwanin madara ba: shuɗi, fari da baƙi. Auta ta jera su a kan teburin shagon babanta, tsakanin kan fankar da aka farke da tulin wayar jan ƙarfe, ta zuba musu ido kamar wadda aka kawo wa manema uku aka ce ta fid da ɗaya kafin Asabar.

Maganar ta ƙungiyar masu tseren ƙananan motoci ce, irin waɗanda ake tuƙawa da rimot. Duk Asabar sukan taru a wani tsohon sito a bayan tashar manyan motoci, inda aka shimfiɗa kafet mai ruwan toka, aka kewaye shi da bututun roba, aka fitar da hanya mai kwana tara da miƙaƙƙiya ɗaya. Manya ne da gemunsu da furfurarsu, malamai da direbobi da masu shaguna, amma da zarar motocin sun tashi sai su koma yara, har da ihu da buga ƙafa. Shekara da shekaru ana rigima a kan inji. Wannan ya sayo nasa a nan, wancan an kawo masa daga waje, wanda aka bari a baya kuma ya rantse ba hannu aka fi shi ba, inji aka fi shi. Da Shugaba ya gaji, dattijo ne da ya yi ritaya daga koyar da tuƙi, mai son zaman lafiya, sai ya yanke cewa za a buɗe rukuni guda wanda kowa zai sa inji iri ɗaya daga kwali ɗaya, a ga wanda ya iya da gaske. Zaɓen injin kuwa aka ɗora wa mai duba injunan ƙungiyar, wato Auta, wadda a can suke kira Injiniya.

Kwana uku tana gwada su. Ta haɗa kowanne da batir, ta karanta mita, ta ɗora yatsa a bayansa ta ji zafinsa, ta kara kunne, sannan ta kai shi hanci kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama. Farin dai mai shan batir ne, ta ture shi gefe. Shuɗin kuwa sai hamdala. Sanyinsa ɗaya, muryarsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma an manne murfin bayansa ta yadda duk wanda ya ce zai buɗe sai ya fasa shi. Baƙin ya ɗan fi gudu, ya fi zafi, murfinsa kuma wasu kunnuwan ƙarfe huɗu ne kawai suka riƙe shi, waɗanda mai haƙuri da hannu mai kyau zai iya ɗagawa ya mayar ba tare da tabo ba.

Duk wannan aikin da take yi, Baba yana bakin ƙofa a kan bencinsa, ya ba ta baya, yana naɗin koyil ɗin fankar wani tela. Bai juyo ba ko sau ɗaya. Shekara uku ke nan rabonsa da ɗora ido a kan wani abu da ya shafi ƙananan motoci.

Shi ne ya fara kai ta siton tana 'yar shekara goma sha huɗu, ta riƙe masa akwatin kayan aiki, shi kuma ya rungumi koriyar motarsa mai lamba bakwai kamar jaririya. A lokacin dokar ƙungiya ɗaya ce: ka sa injin da ka ga dama, amma ya zama mai naɗi ashirin da bakwai, kuma kada a buɗe shi. Dalili kuwa, duk wanda ya buɗe ya rage naɗin wayar da ke ciki, injinsa zai yi gudun da ba a sayo shi da shi ba. Baba bai taɓa buɗe inji ba. Dabararsa ɗaya ce, kuma ba ta karya doka: in ya sayo sabo sai ya tsoma shi a kofin ruwa, ya ba shi wuta kaɗan, ya bar shi yana juyawa har gawayin da ke ciki ya goge ya zauna daidai. Da wannan, da hannunsa mai sanyi a kwana, ya ɗauke kofin shekara a gaban Dakta.

Dakta likitan haƙori ne, dogo, mai farin gilashi da tsabtar farce, kuma a lokacin shi ne mai duba injuna. Ya ɗauki injin Baba, ya juya shi a haske, ya nuna wani ɗigon tsatsa da ruwa ya bari a gindin kunne ɗaya.

"An taɓa nan," ya ce. "Kuma kada mu manta, jama'a, naɗin waya fa sana'arsa ce."

"To ku buɗe ku ƙirga," in ji Baba. "Ga shi nan a hannunku. Don Allah ku buɗe."

"Wanda ya iya naɗawa ya iya ɓoyewa. Ba mu da lokacin ɓatawa."

Sau huɗu Baba ya roƙa. Auta ta ƙirga. Aka ɗaga hannuwa, aka kore shi. Dakta ya naɗe injin da filastar asibitinsa, ya sa hannu a kai da jan biro, ya ɗora shi a saman kabad ɗin ƙungiya don sababbin shiga su gani su ɗauki darasi. Sannan ya hau kujera, ya kankare sunan Baba daga allon zakaru da bakin sukudireba. Har gobe in ta rufe ido tana jin wannan ƙarar, ƙiiit, ƙiiit, kamar a jikin haƙoranta ake yi. A hanyar gida sai ma Baba ya tsaya ya saya mata ruwan sanyi, wai ya ga leɓenta ya bushe. Wannan ruwan ya fi komai ƙona ta.

Ranar Alhamis da hantsi Mai Agogo ya leƙo shagon. Gyaran agogo yake yi a layi na gaba, shi ne kuma mai riƙe lokaci a sito, kuma duk layin ya san ba don fankarsa ta lalace yake zuwa kullum ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya ƙaraso ciki yana murmushin nan nasa da kan sa ta manta inda ta ajiye filaya.

"Ranki ya daɗe, wane mai rabon ne ya yi nasara? Ni dai ina tausayin biyun da za a kora, na san zafin jira."

Ta tura masa takardar gwajin. Ya bi ta da ido a hankali.

"Ai babu ma gardama. Shuɗi."

"Baƙi," ta ce.

Ya ɗago. "Auta, rubutunki ne fa wannan."

Ta dubi bayan Baba, ta ja Mai Agogo can ƙurya inda ƙarar fankar gwaji za ta rufe maganarsu.

"Ka tuna bara, ranar da motar Dakta ta kife a kwana ta shida na ɗauko masa? Da zafinta na ɗauke ta. Ka san abin da ya bugi hancina? Kanumfari."

"Kanumfari kuma?"

"Ka taɓa zama a kujerar likitan haƙori? Farin abin nan da suke cike ramin haƙori da shi, ƙanshinsa ke nan. Buɗe injin yake yi da filayar aikinsa, ya rage naɗi. In ka rage waya, koyil yakan yi nauyi a gefe ɗaya ya riƙa rawa, sai an ɗan ƙara masa abu a ɗaya gefen. Mu a nan gam muke sawa. Shi kuwa abin da hannunsa ya saba da shi ya ɗauko. Da sanyi ba ka jin komai. Sai inji ya yi zafi yake tona kansa."

Mai Agogo ya ce, "Shekara guda kin sani? Kuma duk Asabar ke kike duba injinsa ki ce lafiya lau?"

"Har da murmushi."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? 'Yar mai maguɗi ta shinshino wani abu? Zai ce daga waje aka kawo masa, haka kamfaninsu yake yi, wa zai ƙaryata shi? Amma in injuna talatin suka fito daga kwali ɗaya, ni na shafa musu alama da hannuna, to nasa yana da 'yan'uwa ashirin da tara da za su ba da shaida a kansa."

"To ai shuɗin ma ya gama da shi. Ba zai iya buɗewa ba, zai koma na biyar ko na shida, kowa ya huta."

"Ya huta?" ta ce. "Ya koma na shida, ya ce shekaru sun ja, a yi masa liyafar ban kwana, sunansa sau goma sha ɗaya a allo, injin Baba kuma yana saman kabad yana shan ƙura? Wallahi ban yarda ba. Ba so nake ya daina ba. So nake ya yi, ya yi da kyau, ya ɗauki kofin ya ɗaga sama kowa ya gani. Sannan."

"Mutum talatin sun ba ki amana ki zaɓa musu abin da ya fi."

"Mutum talatin ɗin nan, nawa daga cikinsu suka ɗaga hannu ran nan?"

Ya daɗe yana kallonta. Idanun nan da take ganin duniya ba ta da kamarsu, masu lumshewa in yana dariya, yau a buɗe suke tar.

"Ban san wannan fuskar taki ba," ya ce a hankali.

"Tana nan tun kafin ka fara kawo fankar da babu abin da ya same ta."

Bai yi dariya ba. Ya ninke takardar ya mayar mata, ya ce ba zai faɗa wa kowa ba, amma kada ta nemi ya ɗaga hannu. Da ya fita sai ta ji shagon ya yi mata faɗi. Ta kife kanta a tebur ta yi kuka marar sauti na ɗan lokaci, sannan ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗauki sabuwar takarda ta sake rubuta rahoto.

Ranar Asabar aka jera kujerun roba a gefen kafet. Tun kafin a zauna Dakta ya tare ta a bakin ƙofa.

"Injiniya 'yata! Ya jikin tsohon? Ki ce masa babu komai a raina, ya riƙa leƙowa kallo." Ya rage murya. "Na ji an ce har da wani shuɗi a ciki. Wannan ai na yara ne, tafiyar kunkuru. Mu manya muna son abin da zai ɗan motsa jini."

"Ranka ya daɗe, kai ka san harkar nan tun ban san hagu da dama ba," ta ce, idonta a ƙasa. "Duk abin da ka gani ai shi ne."

Ya yi dariya, ya nuna haƙoran nan nasa masu kama da sabon tangaran.

Ta miƙe a gaban jama'a ta yabi baƙin inji. Ta ce yana da gudu, ta ce zafinsa ba abin damuwa ba ne, ta ce ana samunsa a ko'ina. A kan shuɗin jimla ɗaya ta yi, wai ya cika sanyi. Wani direban tanka da ake kira Birki ya tambaya, "To Injiniya, kunnuwan nan fa? Ba za a ɗaga su ba?" Ta zaro kwalbar jan farce daga jaka, ta ce za ta ɗiga wa kowane kunne, duk wanda ya taɓa za a gani. Ta ajiye kwalbar a tebur, ta juya sunan launin ya fuskanci kujerar Dakta, ta bar ta a nan har aka tashi. Mutumin da ya shafe shekara ashirin yana daidaita launin haƙorin roba da na gaske, jan farcen kanti ne zai gagare shi? Ta ga idonsa ya sauka a kan kwalbar, ya ɗan tsaya, ya wuce. Zuciyarta ta buga da wani irin daɗi mai ɗaci.

Aka ɗaga hannuwa. Baƙi ya ci. Mai Agogo yana can baya yana goge agogon da ba shi da datti.

Kwali ya iso bayan mako biyu. Ta ɗiga jan farce sau ɗari da ashirin, ta raba injuna talatin, kowa ya tafi da nasa gida. Makonni uku aka yi ana gwaji. Duk Asabar Dakta yakan miƙo mata motarsa da sanyinta kafin tsere, ta duba kunnuwan, ja huɗu cif, ta ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Bayan tsere kuwa ba ta matsowa kusa. Tana tsoron kada hancinta ya ji, fuskarta ta tona ta tun lokaci bai yi ba. Mai Agogo bai daina gaishe ta ba, amma fankarsa ta daina lalacewa.

Ranar kofin farko na sabon rukuni, siton ya cika har bakin ƙofa. Rana ta taka, kwanon rufi ya ɗau zafi, ana ta fifita da kwali. Motoci takwas suka kai tseren ƙarshe. Direbobin suka hau dandamalin katako suka jera, kowa da rimot a ƙirji. Mai Agogo ya busa usur.

A kwana, farar motar Dakta ba ta fi kowa ba. Birki ma ya fi shi iya shiga, sau biyu yana wuce shi ta cikin kwana. Amma da zarar an fito miƙaƙƙiya sai farar ta yi wani siririn kuka da babu irinsa a cikin sauran bakwai, ta miƙe kamar an harba ta. Auta tana tsaye a ƙarshen miƙaƙƙiyar, hannayenta a cikin aljihun rigar aiki, tana roƙo a ranta abin da ba ta taɓa zaton za ta roƙa ba: kada ya kife, kada batir ya ci amanarsa, Allah ka ba shi. Minti takwas ta yi tana yi wa maƙiyin ubanta fatan nasara da dukan zuciyarta.

Ya ci da ratar zagaye guda da rabi. Aka yi tafi. Ya sauko yana gyara gilashi, Shugaba ya miƙa masa kofi, ya ɗaga shi sama da hannu biyu.

"A sha ruwa a huta, samari," ya ce. "Inji ɗaya, kwali ɗaya. Yau kuma sai a ce me?"

Kafin ya sauke kofin, Auta ta tsallaka bututun roba ta ɗauki farar motar. Zafinta ya ratsa tafinta. Ta kai ta hanci, ta lumshe ido. Ƙanshin kanumfarin yana nan. Mai daɗi, mai yaji, kamar ɗakin jira mai farin fenti.

"Yallaɓai Shugaba," ta ɗaga murya, "ina zargin wannan injin. Na karɓe shi."

Kowa ya juyo ya dube ta.

"Ke, yarinya, ajiye min mota," in ji Dakta, murmushin bai gama barin fuskarsa ba. "Ba ke kika duba da safe ba?"

"Ni ce. Doka ta goma sha biyu, Yallaɓai. In mai duba inji ya yi zargi, a karɓe nan take, maganarsa ita ce ta ƙarshe. Ina jin Dakta ya fi ni sanin ta, rubutun hannunsa ne a littafi."

Ta kwance injin, ta naɗe shi a tsumma, ta miƙa wa Birki. "Kawu, shinshina."

Birki ya shaƙa, ya yamutsa fuska, ya dafe kunci. "Kai! Wallahi sai da turmin haƙorina ya motsa. Wannan ai warin ɗakinka ne, Dakta!"

Dariya ta fashe, irin wadda ba ta da daɗin ji in a kanka ake yi. Injin ya zaga hannu zuwa hannu, hanci zuwa hanci, kowa ya shinshina nasa ya shinshina wannan. Aka jawo tebur tsakiyar kafet. Auta ta ɗaga kunnuwan huɗu, ta zaro koyil ɗin, ta ɗaga shi a haske. Ga farin abu nan an shafa shi a gefe, sumul, an goge shi da kyau yadda ba mai gyaran fankar da zai iya.

"Aiki ya yi kyau, ranka ya daɗe," ta ce. "Ko a bakin mutum sai haka."

Ta datse bakin wayar ta fara warwarewa, jama'a suna ƙirgawa tare da ita da murya ɗaya. A ashirin da biyu waya ta ƙare a hannunta. Birki ya cire nasa injin ya dangwarar a tebur, ya ce a yanka shi ma, ya yafe. Ashirin da bakwai, kuma ba fari ko ɗigo.

Dakta ya ajiye kofin a ƙasa. Ya ce kuskuren kamfani ne, ya ce haɗa baki aka yi, ya ce shi ba zai tsaya yarinya ta ci masa mutunci ba, ya nufi ƙofa. Ba wanda ya taɓa shi. Jama'a ne kawai suka cika ƙofar, kuma ba wanda ya ga dalilin matsawa.

"Saura ɗaya, Yallaɓai," in ji Auta. Ta nuna saman kabad.

Shugaba ya bi yatsanta da ido, fuskarsa ta sauya. Shi da kansa ya hau kujera ya sauko da shi. Filastar ta yi rawaya, ƙura ta lulluɓe ta, amma jan biron yana nan ɓaro-ɓaro.

"Ni 'yarsa ce, ba za a yarda da hannuna ba," ta ce. "Wanda ya naɗe ya sa hannu, shi zai kwance. Sau huɗu babana ya roƙa a ƙirga, aka ce babu lokaci. Yau Asabar ce, Dakta, asibiti a rufe yake."

"Ya ƙirga!" wani ya yi ihu daga baya. Sauran suka ɗauka, har da waɗanda ta san sun ɗaga hannu ran nan, su ma suka fi kowa ƙarfin murya. Ta lura da su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yafe musu ba, amma yau ba ranarsu ba ce.

Ta miƙa wa Dakta filaya. Hannun da ya ƙware a zare haƙori, sai da ya kuskure kunnen farko sau biyu. Ya buɗe. Ya fara warware wayar, leɓensa yana motsi.

"Ba ma ji," in ji Auta.

"Ɗaya," ya ce. "Biyu."

Wannan karon ba wanda ya taya shi. Muryarsa kaɗai ce a cikin siton, da ƙarar kwanon rufi yana miƙewa a rana. Ya wuce ashirin da biyu, inda nasa ya tsaya, wayar ba ta ƙare ba. Auta ta ji hawaye yana bin kuncinta har cikin baki, ba ta share ba, ba ta kuma ɗauke ido daga fuskarsa ba, don ba ta son ko ƙiftawa ɗaya ta wuce ta.

"Ashirin da bakwai."

Sai a lokacin aka buɗe masa hanya.

Da jama'a suka ragu, Shugaba ya kira ta gefe. Ya tsufa a cikin awa guda.

"Mun zalunci babanki Mai Fanka, kuma har da hannuna a ciki. Zan je har shago." Ya dube ta cikin ido. "Amma ki gaya min gaskiya, Injiniya. Shuɗin nan, shi ne ya fi, ko?"

"Shi ne, Yallaɓai. Nesa ba kusa ba."

"Kin sani kika tsaya a gabanmu kika ce baƙi."

"Na sani."

Ya miƙo hannu. Ta ciro makullin kabad ɗin gwaji, wanda mai duba injuna ke riƙewa, daga wuyanta ta ɗora masa a tafi. Ta zaci za ta ji zafi, sai ta ji kamar ta sauke tulu.

"Abu ɗaya ya rage min kafin in tafi," ta ce, ta zaro sukudireba.

Allon zakarun yana da tsawo, kujera ba za ta kai ta layin sama ba. Tana waige-waige sai ga Mai Agogo ya jingina tsani a bango. Bai ɗago ya dube ta ba, amma ya riƙe ƙafafun tsanin da hannu biyu, gam. Ta hau. Ƙiiit, ƙiiit. Sunan Dakta sau goma sha ɗaya, kuma ba ta yi sauri ba. Garin fenti yana zuba a kan gashinsa, bai matsa ba.

Ta isa shago rana ta fara sanyi. Baba yana bencinsa. Ta durƙusa a gabansa, ta ɗora masa wayar da aka warware a cinya, da guntun filasta mai jan biro. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki wayar ya ja ta tsakanin yatsunsa daga farko har ƙarshe, kamar mai shafa kan ɗan da ya ɓata ya dawo.

"Wa ya ƙirga?"

"Shi, Baba."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa. A tsaye, a tsakiyar kafet."

"An ji shi?"

"Har masu jiran mota a waje."

Baba ya gyaɗa kai. Wannan mutumin da ta ɗauka ya haƙura tun shekara uku, wanda bai taɓa ambaton sunan Dakta ko da tsaki ba, sai ta ga wani abu ya kunnu a idonsa wanda ta sani sarai, don kullum tana ganinsa a madubi.

"Muryarsa ta yi rawa?"

"Daga sha tara."

Ya ture fankar tela gefe, ya juyo da bencinsa gaba ɗaya ya fuskanci cikin shago, ya gyara zama.

"Jawo kujera, Auta. Faro min daga ɗaya, yadda ya faɗa. Kada ki tsallake ko guda."